Guntun Ƙashin Illa

Samarin da ke zama bakin tashar Madawa da baburansu na kabu-kabu sun ɗauka ɗori wasan yara ne. Ran nan ɗaya daga cikinsu ya tare ni, ya nuna mini a salularsa wani mutum yana ɗaure karyayyen hannu da katako, ya ce, "Baba, ashe aikin naku ke nan duka? A ja, a ɗamre, a tahi gida?" Abokansa suka bushe da dariya, ni ma na taya su, don yaron bai san ƙafar da yake taka birki da ita ni na haɗa ta yana ɗan shekara huɗu ba. Saboda irinsa na zaunar da Habsu, ɗiyar ƙanena, wadda ta yi karatun jinya, na ce ta ɗauki alƙalami, ni ban yi lakwal ba, ban iya rubutun boko ba. Na ce mata ta rubuta duk abin da na faɗa, har wanda ba zai yi mata daɗin ji ba.

Ni maɗori ne, ɗan maɗori, daga wani ƙauye na ƙasar Tama. Kayan aikina ba su cika ƙaramar gafaka ba: wuƙa, farin ƙyalle, auduga, zaren kaba, man shanu da garin bagaruwa na rauni. Sai kara. Karan dawa nake nufi, na bara, wanda ya bushe bisa rumbu gara ba ta taɓa shi ba. Sabon kara lanƙwasawa yake yi, wanda ya shekara biyu kuma farfashewa. Ana tsaga shi a tsaye, a goge kaifin bakinsa, a saƙa shi da kaba kamar ɗan ƙaramin asabari, a auna shi da gaɓar mai lafiya kafin a kusanci mai ciwo. Aikin kara ɗaya ne, ya riƙe ƙashi wuri guda har ya kama, sannan a kwance shi a jefa a murhu. Kara ba ya warkar da kowa, jiki ne ke ɗinke kansa in an hana shi motsi.

Shekara uku na yi gaban mahaifina ban taɓa jikin mutum ba. Kowace ranar kasuwa zai aike ni wurin mahauta in karɓo ƙafar akuya da fatarta, ya juya mini baya ya karya ta, ya miƙo ya ce in faɗa masa yadda ta karye. A gicciye ne, ko a karkace, ko tsagewa ta yi, ko ta dagargaje? Da manyan yatsuna biyu zan lalubo amsa, sannan ya feɗe mu gani. In na kuskure ba ya zagi ba ya duka, sai dai ya ce in kai wa mahaifiyata ta yi romo, ranar kuwa kowa a gidan ya san abin da ya sa ake shan romo. Har yau ba na son romon ƙafar akuya.

Hannun farko da ya bar mini na wata tsohuwa ne da ta faɗo daga bakin rumbu, tsintsiyar hannunta ta karye. Na ja, na ji ƙashi ya faɗa wurinsa, na shafa mai, na naɗa auduga, na ɗora kara, na ɗaure tamau don a ga ƙarfina. Tsoho, mahaifina, yana zaune yana kallo. Da na gama sai ya ce, "Sa yatsanka nan ƙarƙashin kaba. Ya shiga?" Bai shiga ba. Ya ce, "To, ba ɗori kay yi ba, shaƙe ta kay yi. Gobe hannun zai kumbura, ina kake so kumburin shi tahi?" Ya sa wuƙa ya yanke kabar gaban mutane, ya ce in sake. Daga ranar na koyi duba yatsu kowace safiya: da ɗumi ko sun yi sanyi, in an matsa farce jini na dawowa ko ba ya dawowa. Hannuwa nawa aka yanke a ƙasar nan saboda ɗaurin da yatsa ɗaya bai shiga ba, Allah kaɗai ya sani, kuma masu koyon ɗori a salula ba wanda zai nuna musu wannan.

Masu zuwa wurinmu kala-kala ne. Matan da ke ɗaukar duwatsu a tsaunukan Keita don tare zaizayar ƙasa sun fi kowa haƙuri, za ka ja ƙashi mace ba ta ce uffan ba, sai gumi. Manomi kuwa tambayarsa ɗaya ce, yaushe zai koma gona. Makiyayi ya fi su duka wuyar sha'ani. Na taɓa ɗaure wa wani cinya, kwana tara na leƙa bukka na tarar da karana a jingine da kyau, shi kuwa ya bi shanunsa da sanda. Babbar wahalar ɗori ba haɗa ƙashi ba ce, hana mutum tashi ce.

Nan ne kaza ta shigo. Al'adarmu ce, ranar da aka kawo mai karaya danginsa su zo da kaza. Maɗori zai karya mata ƙafa, ɓangaren da mutumin ya karye, ya ɗora ta da ƴan tsinkaye, a kife ta da kwando a gidansa. Kowa na zuwa duba kaza kafin ya duba majinyaci. Ba wanda zai yi zancen tashi sai ta taka, in kuwa ta taka, to ɗori ya karɓu, hannun maɗori ya fita. Mutane sun yi imani da wannan ƙwarai. Mahaifina bai taɓa ƙaryata su ba, amma ni ya gaya mini tsakanina da shi. Ya ce, "Kaza don su muke karya ta, su samu abin kallo su bar mutum shi kwanta. Kai yatsanka za ka saurara." Ya kuma kafa mini sharaɗi biyu. Na farko, in karya kaza daidai yadda mutum ya karye, in a karkace ne a karkace, in dagargajewa ce dagargajewa. Ya ce, "In ka diba ka ga in kay yi mata haka ba ta ƙara takawa, to ka san abin da za ka hwaɗa musu." Na biyu, in ƙashi ya huda fata ya fito, ko wani yanki nasa ya ɓalle ya bar giɓi, wannan ba namu ba ne, a wanke, a tallafe, a nufi likita a ranar. Kara daga waje yake riƙewa, ba ya cike abin da babu.

Shekarar da tsoho ya rasu ruwa ya ƙi. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe, kowa ya faɗa kwari yana neman abin da zai ci daga lambu, rijiyoyi kuma suka yi ƙasa, sai haƙa ake yi ana ƙarawa. Ban taɓa ganin karaya da yawa irin ta shekarar ba, ban kuma taɓa ganin ƙashi mai nawar kamawa irin nata ba, don cikin da babu abinci ba ya gina ƙashi. Amma ba wurina ake kawo su ba. Ana wuce ƙofar gidanmu da amalanke a nufi wani maɗori can wajen Buza, ina zaune ina ji ana cewa hannun tsoho ya tafi da shi kabari. Abin ya ci mini rai fiye da yunwar.

Wata rana da hantsi aka tsayar da amalanken jaki ƙofar gidana. Illa ne kwance a ciki, wani manomin albasa daga wani ƙauye kusa da Galma, sa'ana ne ko ya girme ni kaɗan. Yana cikin rijiyar lambunsa yana ƙara mata zurfi dutsen baki ya suɓuto ya sauka a ƙwaurinsa na hagu. Yayansa Sa'idu ne ya kawo shi. Kafin in fito rabin gari ya taru, ba don Illa ba, don a ga ko ɗan tsoho zai iya. Na ɗaga tsumman da aka rufe ƙafar na ga fata a buɗe, laka har ciki. Sa'idu ya ce, "Ɗan Maɗori, ƙaƙa ka gani? Mu wuce da shi likita, ko ka iya?" Bayana na ji wani dattijo ya ce, "Da tsoho na da rai da ba a yi wagga tambaya ba." Na ce, "Ku sauke shi."

Aka shimfiɗa shi a zaure, na sa aka kare mu da zane kamar yadda aka saba. Ina wanke raunin da ruwan ɗumi yatsana ya ci karo da wani guntun ƙashi yana lilo, tsawon gaɓa biyu na yatsa, ya yi baƙi da laka, ɗan siririn nama kaɗai ke riƙe da shi. Na taɓa shi ya biyo hannuna. A lokacin sharaɗin tsoho ya faɗo mini a rai kalma-kalma, ba zan ce na manta ba. Da na ɗaga guntun nan sama na nuna, da kowa ya san sai likita, da an mai da Illa cikin amalanke, da kuma an ce ɗan tsoho ya gaza. Na dubi Illa, ya mai da kai baya yana cije da bakin rawaninsa, na ɗauka idonsa a rufe yake. Na dunƙule guntun a tafina na zura shi aljihun gaban rigata. Sannan na ja ƙafar, na daidaita abin da ya saura, na barbaɗa bagaruwa, na ɗora kara. Ɗauri ne mai kyau, yatsa ɗaya na shiga ƙarƙashinsa daidai.

Sa'idu ya miƙo mini wata jar kaza. Gaskiyarta ita ce in karya ƙafar sau biyu in zare na tsakiya in yar, kowa ya ga kazar da ba za ta ƙara takawa ba. Na karya ta sau ɗaya, a gicciye, tsaf, irin karayar da ko ba a ɗora ba za ta kama. Aka yi kabbara aka watse.

Illa ya zauna a bukkar majinyata bayan gidana. Kowace safiya zan kwance, in wanke, in shafa mai, in bi ƙwaurin da babban yatsana daga gwiwa zuwa ƙasa. Ƙashi, ƙashi, sai yatsa ya nutse cikin taushi, sai ƙashi kuma. Kowace safiya wurin na nan yadda yake. Illa ba mai yawan magana ba ne, zai dubi fuskata, ya sauke ido bisa ƙirjina, ya ce, "Da sauƙi, Maɗori?" In ce masa da sauƙi. Guntun kuwa tuni na naɗe shi a ƙyalle na sa cikin tsohuwar battar tsoho na cusa ƙasan gafaka. Ya kamata in binne shi, yankin jikin ɗan Adam ne, amma ina tsoron a gan ni ina tona rami a tambaye ni.

Sati uku kaza ta taka. Sa'idu ya zo ya gan ta tana tonon ƙasa a tsakar gida, ya yi ta sa mini albarka. Na ce a ƙara haƙuri, shekarar yunwa ce. Na ja su sati ɗaya, na ƙara wani, ina fatan abin da na san ba zai yiwu ba. Ranar kwana arba'in dangi suka cika gidan, lambu na can na bushewa, kaza na yawo gaban kowa, ba ni da sauran abin faɗi sai gaskiya, ita kuwa ban faɗe ta ba. Na kwance kara na ce, "Illa, bismilla, taka." Ya dafa sanda ya miƙe, ya ɗora nauyinsa. Ƙafar ta lanƙwashe daga tsakiya kamar jiƙaƙƙen kara, raunin ya fashe, abin da ya fito daga ciki ba sai na sa Habsu ta rubuta ba.

Aka samu kamiyo, babbar motar ɗaukar albasa, aka tafi da shi asibiti, aka yanke ƙafar ƙasan gwiwa. Da Sa'idu ya dawo ya biyo ya ba ni labari. Ya ce, "Likita ya yi mishi radiyo, hoton ƙashi, yac ce akwai wani yanki na ƙashi da babu, ina shike? Munka ce halama cikin rijiya yat tsaya." Na ce, "Halama."

Ga abin da baƙo ba zai gane ba: ba wanda ya ga laifina. Kaza ta warke, ke nan hannun maɗori ya fita. Aka ce jinin Illa ne bai karɓi ɗori ba, aka ce ƙaddara ce, har aka yaba mini da na riƙe shi kwana arba'in ban gaji ba. Amalanke ya daina wuce ƙofar gidana. Daga ranar duk wanda aka kawo mini ƙashi a waje, ko na ji giɓi ƙarƙashin yatsana, ban ƙara cewa a sauke shi ba, sai mutane suka ce wannan maɗori mai tsoron Allah ne, ya san iyakarsa. Illa kuwa ya koma lambunsa yana dashen albasa a zaune, yana jan jiki daga fangali zuwa fangali, kuma kowace shekara in an haƙe sai ya aiko mini da buhu guda. Ban taɓa iya cin ta ba, rabar da ita nake yi ga maƙwabta, su kuma suna cewa ni mai kyauta ne. Kunyar da na ji a shekarun nan, duk yabo ɗaya sai ya ƙara mata nauyi.

Bara bayan kaka Habsu ta dawo daga wani horo da aka tura su, ta zo gaishe ni, ta ce, "Baba, diba abin da anka nuna muna, naku ne wanga." A salularta na ga wani farin abu ɗan guntu, duk jikinsa ƙananan huji kamar saƙar zuma. Ta ce masu bincike ne ke ƙera shi da wani abu mai kama da sinadarin ƙashi, a haɗa da wanda jiki ke iya narkarwa. In ƙashi ya yi giɓi sai a yanka shi daidai wurin a dasa a ciki. Jini ya shiga hujin, sabon ƙashi ya riƙa binsa yana hawa daga baki biyu, shi kuma yana narkewa sannu-sannu, har ranar da za a duba a tarar babu shi, sai ƙashin mutum. Ta ce wuyar aikin ita ce auna narkewar, in ya riga ƙashi tafiya wurin ya rufta, in ya daɗe ya tare hanya. Ta ce bai iso asibitocinmu ba tukuna, da yawansa ma gwaji ake yi. Ban sha wahalar ganewa ba. Dangar kara ce da ake kafa wa duma, ya hau ya yaɗu, kafin a yanke ƙwarya gara ta cinye dangar. Karana ne, sai dai nasu daga ciki yake riƙewa.

Na daɗe ina kallon hoton, sannan na nuna mata gaɓa biyu na yatsana na ce, "Giɓi kamar haka hwa?" Ta ce, "Don irinsa anka yi shi, Baba. Amma ko babu shi, in an kawo mutum da wuri ana wanke raunin, a riƙe ƙahwar da ƙarhe, daga baya a ɗebo ƙashi daga ƙugunsa a cike." Na ce, "Tun yaushe ake wanga?" Ta ce, "Tun ban zo duniya ba." Shekara talatin ina lallashin kaina da cewa ko da na tura shi yankewa za su yi. A zaune ɗaya yarinyar nan ta ƙwace mini wannan, ba ta ma san ta yi ba.

Ranar kasuwar Galma na zazzage gafaka na ɗauki batta na hau mota. Na tarar da Illa da safe a bakin lambu, zaune ƙarƙashin wata itaciyar bedi yana tufka igiya, sandarsa a gefe, ƙafar wandonsa ta hagu a ƙulle ƙasan gwiwa. Ya tsufa, ni ma haka. Ya yi murna da ganina har ya nemi miƙewa, na hana shi. Muka gaisa, muka tambayi iyali da ruwa da kasuwa, har gaisuwa ta ƙare ba ni da wurin ɓuya. Na buɗe battar, na warware ƙyallen, na ajiye gabansa. Guntun ya bushe ya yi ruwan ƙasa. Na faɗa masa komai, da sharaɗin tsoho, da aljihu, da yadda na karya kazar, da abin da na ce wa Sa'idu. Ban ɗaga kai ba har na gama.

Illa ya ajiye igiyar. Ya ce, "Ai na gani, Maɗori. Idona biyu sa'ad da kas sa shi aljihu."

Na ce, "Ka gani? Mi yah hana ka magana?"

Ya ce, "Na aza ajiye mini shi kay yi. Na ce halama jira kake kumburi shi sauka ka mai da shi wurinsa. Kwana arba'in kullum ina kallon aljihunka, ina cewa yau ne. Kai ne maɗori, ni mi nis sani?"

Da ƙyar na ce, "Bayan nan hwa? Shekara talatin, da albasar?"

Ya ce, "Bayan nan ƙahwa ta riga ta tahi. Na ce ran da ka shirya ka kawo mini abuna da kanka. Albasar don kar ka manta hanyar gidana."

Na roƙe shi gafara, ya ce Allah ya yafe mana duka, amma ba ni yake kallo ba. Ya ɗauki guntun da yatsu biyu, ya busa masa iska, ya ce zai bar wa ɗiyansa wasiyya a sa masa shi cikin likkafani. Sannan ya miƙe dungulmin ƙafarsa bisa tabarma, ya auna taƙi ɗaya daga gwiwa zuwa ƙasa, inda babu komai sai tabarma, ya ajiye guntun a wurin, ya ɗan gyara masa zama.

Ya ce, "Nan ne wurinsa, ko? Diba mini, kai ka sani."

Na duba. Nan ne wurinsa, bai kuskure ko kaɗan ba.